Wata shida ina shan ƙwayoyin gyaran maniyyi: ga abin da na gani

Ranar wata Asabar bayan sallar La'asar na shiga wani babban kemis a titin Gidan Zu da ke Kano, na tsaya gefe ina jiran mutane su ragu. Da suka ragu na miƙa wa yaron kantin 'yar takardar da na naɗe a aljihu, ban ce uffan ba. Ya duba, ya taka kujera ya ɗauko kwali biyu daga can saman kanta, ɗaya shuɗi ɗaya ruwan hoda, ya ce, "Alhaji, na maigida da na madam ne, tare ake haɗa su." Na ce ya zuba mini a baƙar leda. Bayan wannan ranar na koma sau biyar, wata-wata, kowane zuwa naira dubu 28 shuɗin, dubu 25 ɗayan. A kan waɗannan kwalayen zan yi magana, domin na san a daidai wannan lokacin akwai wani yana tsaye a gaban kanta da irin takardata a hannu.

Lokacin shekararmu biyar da wata huɗu da aure, ko ɓatan wata ba a taɓa yi ba. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san a kan wa wannan nauyin yake sauka. Iyalina ta sha jiƙo, ta sha rubutu, an kai ta wajen wata tsohuwa ta shafa mata ciki, ta yi wankin mahaifa, ta yi hoton nan da ake ɗura ruwa a ga ko hanyar ƙwai a buɗe take, wanda ta kwana biyu tana murƙususu bayansa. Duk abin da aka duba sai a ce lafiya lau. Ni kuwa ba wanda ya taɓa cewa in je a duba ni, ni ma ban kawo wa raina ba. Ba ni da matsala a shimfiɗa, to me za a duba? Haka na ɗauka, kuma haka galibin mazan da nake zama da su a majalisa suke ɗauka har gobe.

Wata likitar mata ce ta katse abin. Ta gama juya fayil ɗin iyalina shafi-shafi, ta cire gilashinta, ta dube ni ta ce, "Malam, ba zan ƙara rubuta wa baiwar Allah nan ko farasitamol ba sai na ga takardar gwajinka." Raina ya ɗan sosu a lokacin, amma yau ba na sallah ban sa ta a addu'a ba.

Gwajin ba wani abin tsoro ba ne. Za ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ba ƙasa ba kuma ba sama ba. A ba ka 'yar roba mai murfi. In a gida ka tara, sai ka sa ta a aljihun da ke jikinka don kada ta huce ko rana ta buge ta, ka kai cikin awa ɗaya. Takardata ta nuna ƙwayoyin maniyyi miliyan 9 a kowane mililita, masu tafiya gaba sosai kashi 21 cikin 100. A gefen takardar an buga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021: miliyan 16 a mililita, masu tafiya gaba kashi 30, masu motsi gaba ɗaya kashi 42, masu kyakkyawar siffa kashi 4, ruwan kuma ya kai mililita 1.4. Ba sai an fassara mini ba.

Na tarar da iyalina a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai. Ba ta ɗago ba sai da ta gama ture tsakuwar da ke gabanta, sannan ta ce, "To Malam, ai alhamdu lillahi, tunda yanzu an san inda za a nufa." Ko kalma ɗaya ta gori ba ta fito daga bakinta ba, matar da ta shekara biyar tana haɗiye habaicin dangina a gidan biki da gidan suna. Washegari na je na sami Hajiya na faɗa mata da bakina cewa matsalar daga gare ni take, a daina kawo mini maganar ƙarin aure a kan wannan dalili. Hajiya ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce Allah Ya kawo mafita.

Likitar ta ba ni takarda biyu. Ɗaya ta zuwa wajen likitan mafitsara da al'aurar maza, ɗaya ta waɗannan ƙwayoyin, ta ce in ina da hali in riƙa sha kafin layi ya zo kaina, amma kada in ɗora musu buri. Ni kuma sai na ɗauki mai sauƙin na ajiye mai nauyin. Haɗiyar ƙwaya a ɗaka ba wanda ya gani ta fi mini sauƙi a kan in tuɓe a gaban wani namiji. Wata shida takardar nan tana cikin aljihun wata tsohuwar riga.

Abin da ake tallar ƙwayoyin da shi shi ne antioksidan, kuma wannan kalmar ba baƙuwa ba ce a wajena. Ni mai kula da gidan burodi ne, na kuma yi karatun kimiyyar abinci a kwalejin kimiyya da fasaha. Kowane mai kwaɓi ya san in aka bar bokitin bota a buɗe kusa da tanderu, kwana kaɗan zai canza wari, ya yi wani maƙaƙi a harshe. Iska ce da zafi suke cin kitsen. Uwargida ma ta san in ta yanka gauta ko ayaba ta bari, fuskar za ta yi duhu, in kuwa ta matsa lemon tsami a kai sai ta tsaya fara. Abin da lemon tsamin ya yi, shi ne aikin antioksidan. Irin wannan cin yana faruwa a jikin mutum, tamkar tsatsa a jikin ƙarfe, kuma ƙwayar maniyyi tana cikin masu saurin kamuwa da shi, saboda fatar da ta lulluɓe ta kitse ne mai laushi, ga ta 'yar mitsitsiya ba ta da wajen ajiye abin kare kanta. In tsatsar ta yi yawa sai wutsiyar ta kasa kaɗawa yadda ya kamata, saƙon gado da ke cikin kan ya kakkarye. Sigari da shisha suna ƙara ta, haka ciwon sanyi da ba a magance ba, da teɓa, da ciwon suga, da zafi. Da na karanta wannan bayanin a takardar cikin kwalin sai na ga ai maganar ta hau, tunda tsatsa ce matsalar, ga kuma maganin tsatsa. Shi ya sa na saya da zuciya ɗaya.

Kwalin kansa ba laifi. Ƙwaya 30 ne a ciki, a jere a katin leda mai azurfa a baya, kowace rana ɗaya. Akwai lambar NAFDAC, akwai ranar da aka yi da ranar lalacewa, rubutun a buge yake ba liƙa shi aka yi ba. Wannan ina dubawa duk zuwa, kuma ina ba kowa shawarar ya duba, domin kayan da ake kawowa a jaka ana sayarwa ta waya ba lallai ne a same su da waɗannan ba. Ƙwayar doguwa ce, ta kusa kai ƙwallon dabino siriri, ruwan ƙasa-ƙasa, tana da ƙarni kaɗan in ka ɓallo ta. Rana ta farko na sha da safe kafin in karya, ina tsaye a kan masu murza kwaɓi sai na ji zuciyata tana tashi, yawu yana taruwa a bakina, sai da na fita na zauna a inuwa. Zink ne yake yin haka in ciki ba komai. Da na mayar da ita bayan tuwon dare ban sake jin komai ba. Fitsari zai koma rawaya shar kamar an jiƙa kurkur, kada wannan ya tsorata kowa, bitamin B2 ne jiki yake zubar da rararsa. Da azumi ya zo na gwada sha da sahur, ƙishirwa da ƙwarnafi suka dame ni, na mayar bayan tarawihi. Sannan zafin Kano ba ya raga wa irin waɗannan kaya: kwalin da na manta a aljihun babur na kwana uku a watan Afrilu, ƙwayoyin sun yi laushi sun manne da ledar.

A bayan kwalin an jera sinadarai sun fi 20: bitamin C, bitamin E, zink, saliniyam, folik asid, laikofin, karnitin, CoQ10, da sauransu. Dogon jerin nan shi ne ya fi ɗaukar idona a kanti, kuma shi ne daga baya ya fi ba ni takaici. Ƙanwata mai ilimin haɗa magunguna ce, tana aiki a wata jiha. Da ta zo hutu ta ɗauki kwalin daga kan firji ta juya bayansa, ta sa farce a kan layi ɗaya ta ce, "Yaya, dubi nan." CoQ10 ɗin da aka rubuta da manyan haruffa a gaban kwalin bai kai miligiram 10 ba, alhali masu binciken da suka gwada shi a kan maza miligiram 200 zuwa 300 suke bayarwa a rana. Karnitin ma haka, 'yan miligiram ne a ciki, su kuwa masu bincike giram 2 ko 3 suke bayarwa. Wato an ɗan barbaɗa ne don sunan ya samu shiga jerin. A sana'ata in ka sa cokali ɗaya na madara a buhun fulawa ka rubuta burodi mai madara a leda, ba ka yi ƙarya ba, amma mai saye ba zai ji madara a bakinsa ba. Zink da saliniyam da bitamin C da E kam an sa su da ɗan auki, ba zan zalunce su ba.

An ce mini kada in sake gwaji sai na cika wata uku, kuma wannan gaskiya ne, ba dabarar ciniki ba ce. Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala a cikin maraina, sannan ta ƙara wasu kwanaki a hanya. Abin da mutum ya fitar yau tun wata biyu da rabi baya aka fara gina shi. Duk mai ce maka maganinsa zai gyara maniyyi cikin sati ɗaya, ka riƙe kuɗinka.

Da wata uku ya cika na koma ɗakin gwajin da na fara zuwa. Miliyan 11, masu tafiya kashi 24. Na fito ina murna, har tsire na saya na kai gida. Na ƙara wata uku, na sake gwaji: miliyan 10, masu tafiya kashi 22. A nan jikina ya yi sanyi. Ma'aikacin ɗakin gwajin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya ga yadda na tsura wa takardar ido, ya ce in zauna. Ya ce mutum ɗaya in ya yi gwaji yau ya sake bayan sati biyu, ba tare da ya sha komai ba, lambobin za su iya bambanta fiye da haka. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana iya karya adadin har na tsawon wata uku. Tsakanin 9 da 11 da 10, in ji shi, ba a motsa daga inda ake ba.

Daren nan na kira ƙanwata. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta turo mini bincike guda uku, ta ce in karanta a nutse, inda ban gane ba in tambaye ta. Na kwana uku a kansu.

Na farko an yi shi a Amurka, an buga a mujallar likitoci ta JAMA a farkon 2020. Ma'aurata 2,370 masu neman haihuwa aka ɗauka. Rabin mazan aka ba su folik asid miligiram 5 da zink miligiram 30 kullum har wata shida, rabin kuma aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda ba komai a cikinta, ba wanda ya san wacce yake sha. Da aka zo ƙidayar jarirai, masu shan maganin kashi 34 cikin 100 suka samu haihuwa, masu shan ƙwayar banza kashi 35. Maniyyin ma bai gyaru ba, sai dai masu shan maganin sun fi kukan ciwon ciki da tashin zuciya. Na biyu shi ma a Amurka, a shekarar 2020, ana kiransa MOXI. Maza 174 masu raunin maniyyi irin nawa, aka ba rabinsu haɗin bitamin C da E da saliniyam da karnitin da zink da folik asid da laikofin, kusan jerin da ke bayan kwalina, kuma da nauyin da ya fi nawa. Bayan wata uku ba a ga bambanci ba a yawa, ko motsi, ko siffa.

Na uku shi ne ya ɗan bar ƙofa a buɗe. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattaro binciken da aka yi a duniya a kan magani ta tace shi, ta haɗa bincike 90 a 2022, maza sama da 10,000. Ta ce mai yiwuwa antioksidan yana ƙara samun haihuwa, amma hujjar mai rauni ce ƙwarai. Cikin 90 ɗin nan 12 ne kacal suka bi sawu har zuwa haihuwar jariri, kuma da aka ware waɗanda ba a tsara su da kyau ba, sai ƙarin ya ɓace. Wannan shi ne iyakar abin da ke hannun masana: ba su ce ba ya yi sam ba, ba su kuma iya nuna cewa yana yi ba. A kan wannan na kashe sama da naira dubu 300, in an haɗa da kwalayen iyalina.

Akwai kuma abin da ban taɓa kawowa ba, wato yawansa ma illa ne. Jiki yana buƙatar 'yar wannan tsatsar kaɗan, da ita ƙwayar maniyyi take kammala nuna har ta iya huda ƙwan mace. In aka share ta tas an ɓata aikin. Zink in ya wuce miligiram 40 a rana na dogon lokaci yana hana jiki tsotsar jan ƙarfen da jini yake buƙata. Saliniyam in ya wuce maikrogiram 400 yana zubar da gashi, ya karya farce. Wani babban bincike mai suna SELECT, da aka yi a kan maza sama da 35,000, ya nuna a 2011 cewa masu shan bitamin E mai nauyi kullum sun fi kamuwa da kansar furostet, wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin 100. Na faɗi wannan ne saboda na san halinmu: mutum zai sayi kwali ɗaya a kemis, abokinsa ya kawo masa wani daga Saudiyya, ya ƙara da na wata mai talla a waya, ya haɗa duka yana sha, kowanne da zink ɗinsa da saliniyam ɗinsa.

Ni ma an so a ja ni wannan hanyar. Wani mai sayar da kaya ta WhatsApp, da aka ba shi lambata ban san ta yaya ba, ya dame ni da saƙon murya a kan wata allura da ya ce tana cika mutum da ruwa. Da na tura wa ƙanwata hoton kwalbar sai ga kiranta nan take: testostiron ce. Allurar tana iya ƙara sha'awa da kuzari, amma tana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina umarnin yin maniyyi, har adadin ya iya sauka zuwa sifili. Mu Hausawa mun haɗe ƙarfin namiji da haihuwa a kalma ɗaya, masu talla kuma a nan suke cin kasuwarsu. Abu biyu ne daban. Mutum yana iya zama ba ya gajiya a shimfiɗa alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ruwansa.

Kwalin ruwan hoda, na iyalina, hukuncinsa ya ɗan bambanta. A cikinsa akwai abu ɗaya da ba a jayayya a kansa, folik asid maikrogiram 400. Ba ya kawo ciki, amma yana kare jariri daga tawayar laka da ƙwaƙwalwa, irin yaran da ake haifa da ƙari a gadon baya. Wannan sashen na jikin jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba, shi ya sa ake so ta fara sha tun tana nema. Sai dai folik asid shi kaɗai, 'yar ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake bayarwa a wajen awo, kuɗinta bai kai na lemon kwalba biyu ba a wata. Sauran abin da ke kwalin kuwa, Cochrane ta duba na mata ma a 2020, bincike 63, mata 7,760, ta ce hujjar mai rauni ce. Kuma hankali ma zai ba ka: macen da ciwon sanyi ko ɓarin da ba a wanke da kyau ba ya toshe mata hanyar ƙwai, babu bitamin da zai buɗe ta. Wadda al'adarta take tsallake watanni saboda ƙwanta ba ya fashewa, akwai maganin da likitoci suke fara bayarwa, letrozol, a ƙarƙashin kulawarsu. Mace mai neman ciki kuma ta kula da bitamin A mai nauyi, domin yawansa yana nakasa ɗan tayi. Iyalina ta sha nata wata shida ba tare da wata damuwa ba, in ban da taurin bayan gida saboda sinadarin ƙarfen da ke ciki. Ita da ma ba ta da matsalar da za a gyara.

Daga ƙarshe na lalubo takardar nan a aljihun tsohuwar riga, duk ta yamutse. Likitan mafitsaran bai kai ni shekaru ba. Ya tambaye ni ko na yi hangum bayan na balaga, ko an taɓa yi mini aikin gwaiwa, ko ina shan sigari ko tiramol, na ce a'a. Ya tambayi sana'ata. Da na ce gidan burodi sai ya ajiye biro ya ce awa nawa nake yi a bakin tanderu. Na lissafa: daga ƙarfe huɗu na asuba zuwa goma, ina tsaye ina duba fitar kowane faranti, zafin yana dukan cinyoyina har wandona ya yi kamar an goge shi. Ya ce Allah Ya rataye maraina a waje ne domin suna buƙatar sanyin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa uku. Sannan ya ce in tashi tsaye in sauke wando, in yi yunƙuri kamar mai ɗaga buhu. Bai yi minti biyu yana taɓawa ba ya ce, "Malam, ba ka taɓa jin wani abu kamar dafaffiyar taliya a leda a gefen hagu ba? Ba ka jin nauyi in ka daɗe a tsaye?" Shekara nawa ina jin wannan nauyin da yamma, ina cewa basir ne.

Kumburin jijiyoyin maraina ne, likitoci suna ce masa barikosil. Jinin da ya kamata ya koma sama sai ya taru ya kwanta, ya ɗumama wajen, ya kuma haifar da ita wannan tsatsar da nake ta saye wa magani. Kusan maza 15 cikin 100 suna da shi, galibi a hagu, da yawa ba ya hana su komai, amma a cikin mazan da suke zuwa asibiti neman haihuwa ana samunsa a wajen fiye da kashi ɗaya cikin uku. Hoton da aka yi ya tabbatar. Wato wata shida ina zuba ruwa a randa, ƙasanta kuwa a fashe. Abin da yatsun likita suka gano cikin minti biyu, kwali goma sha biyu ba su da hanyar ganinsa.

An yi mini aikin, ƙaramar tsaga ce a matsematsin hagu, aka ɗaure jijiyoyin. Kwana ɗaya na yi a asibiti, sati biyu ban hau babur ba. Na roƙi maigidanmu ya mayar da ni ɓangaren awon fulawa da lissafin masu sari, na bar wa wani yaro bakin tanderu, kuma na gaya wa yaron dalili, na ce ya riƙa ja da baya tsakanin fitar faranti, ya daina sa matsattsen wandon roba. Kuɗin da nake kaiwa kemis yanzu rabinsa nake kaiwa 'Yankaba da 'Yan Lemo: tumatir, kankana, gwaiba mai jan ciki, lemon zaƙi, zogale. Laikofin ɗin da ke kwalin shi ne jan da ke cikin tumatir da kankana, kuma ya fi shiga jiki in an dafa tumatirin da mai, kamar yadda ake miyarmu. Garin ƙwamen kuka da ake dama wa yara cike yake da bitamin C. Gyaɗa da manja suna da bitamin E, nama da wake da riɗi suna da zink, ƙwai da kifi suna da saliniyam. Ban ce abinci zai ba kowa haihuwa ba. Amma shi ko bai yi wannan ba ya yi wani, kuma gidan gaba ɗaya ake ci.

Wata huɗu bayan aikin na koma wajen dattijon nan. Miliyan 22, masu tafiya gaba kashi 34. Ya sa na sake bayan sati shida don kada mu yi saurin murna, ya fito miliyan 24. A tsawon wannan lokacin ko ƙwaya ɗaya ta shuɗin kwali ban sha ba.

Wanda ya tambaye ni ko ya saya, amsata ta danganta da inda yake. In bai yi gwaji ba, ko ya yi gwaji likitan maza bai taɓa shi da hannu ba, kada ya saya, ya kai kuɗin wajen gwajin, bai kai kuɗin kwali ɗaya ba. In an duba shi tsaf ba a ga dalili ba, likita ya ce ya gwada, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gidansa ba, to ya sayi kwali iri ɗaya tak mai lambar NAFDAC, ya juya baya ya karanta nauyin kowane sinadari, ya sha bayan abinci wata uku, ya sake gwaji a wajen da ya yi na farko. In ba a motsa ba ya tsaya haka nan. Mace kuma ta sayi folik asid ɗinta mai araha. A ma'aunina shuɗin kwalin yana da biyu cikin biyar: an haɗa shi da tsabta, bai cutar da ni ba, amma tsadarsa ta fi amfaninsa, kuma ya ba ni inda zan ɓuya daga likita har wata shida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 mutum ɗaya cikin shida yana haɗuwa da matsalar haihuwa a rayuwarsa. Ko a layinmu na san gida huɗu, kuma a duka huɗun matan ne kawai suke zaryar asibiti.

Har yanzu ba mu samu rabo ba. Likita ya ba mu wata tara daga ranar aikin, in shiru sai mu koma a yi maganar ɗura maniyyi a mahaifa. Saura wata uku. Iyalina tana ajiye folik asid ɗinta a kan taga kusa da buta, tana sha bayan sallar Asuba, ni kuma nake riƙe da kalandar da muke yi wa alama.